Tukunyar Maƙwabciya Haram, Farantin Otal Halal?

'Yan'uwana mazauna Kurmi, musamman jama'armu ta nan Kalaba, daga Bogobiri har zuwa zangon shanu na Nasarawa da ke Bacoco. Yau maganar abinci na zo da ita, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. To amma gaskiya ɗaci gare ta, kuma da kaina zan fara, domin laifi tudu ne.

Abin da ya tunzura ni ga wannan rubutu shi ne wata liyafa da na halarta a watan Disambar da ya wuce. Mai karatu ya san yadda Kalaba take zama a wannan wata. Tun shekarar 2004 da gwamnatin Donald Duke ta fara bikin kaniba, Disamba ya zama kakar garin: baƙi daga Legas da Abuja da Turai, otal-otal a cike maƙil, jama'a na kai da komo a Marina da ke bakin kogi. To a cikin wannan hada-hada ne wani Alhaji daga cikin manyanmu ya yi baƙi daga Kano, ya ce mu raka su cin abincin dare a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na garin. Sunan wurin ba shi ne abin dubawa ba.

Wuri ya yi kyau, ban musa ba. Sanyi, fitilu, farin ƙyalle a kan tebur, cokula da wuƙaƙe jere kamar za a yi wa mutum tiyata. Aka kawo mana miyar masunta a ɗan kwanon da bai fi tafin hannuna ba, da jatan lande guda uku a kwance a kai. Aka kawo gasasshen nama da wani romo baƙi-baƙi da aka kwarara masa. Sai kuma ga tsire, tsirenmu na gado, tsinke huɗu a kan katako da yankan albasa, an raɗa masa suna da Turanci. Da na ɗanɗana yajin na ce wa yaron da ke mana hidima, "Samari, wannan hannun na san shi." Ya yi murmushi ya ce ai mai gasa musu ɗan Bogobiri ne, yana can baya. Da aka kawo takardar kuɗi na saci kallo, wallahi abin da Alhaji ya biya ya isa sayen buhun shinkafa biyu har da canji.

Kuɗinsa ne, Allah Ya ƙara masa buɗi. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mu bakwai muka zauna a teburin nan, har da mai carbi a hannu, ga kwalaben giya jere a bayanmu, ga naman alade a rubuce ƙuru-ƙuru a takardar jerin abinci, amma babu ko mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce: wa ya yanka naman nan? A kan wane ƙarfe aka gasa shi? Me aka zuba a romon nan? Muka yi bisimilla muka share faranti.

Bayan kwana biyu baƙin suka zo gidana gaisuwa, suka tarar maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Efik da muke kira Mma, ta aiko da kular abinci ta Kirsimeti. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa kular, ya ja da baya yana toshe hanci, ya ce, "Subhanallahi, Malam, kana cin abincin mutanen nan?" Mutumin da shekaranjiya ya lashe romon da bai san asalinsa ba!

Ban yi fushi da shi ba sosai, domin ni ma na taɓa zama shi. Shekaruna na farko a gidan nan, duk abin da Mma ta aiko sai in ce da mai ɗakina ta karɓa da fara'a, in dare ya yi a juye a kwata, a wanke kwano a mayar da godiya. Muna ganin mun iya zama da mutane. Ashe tana sane. Wata rana da Babbar Sallah na kai mata cinyar rago, ta karɓa, ta dube ni ta ce, "Malam, naman Sallarku muna ci da 'ya'yana, ba mu taɓa zubarwa ba. Wancan abincin da na aiko muku, kifi ne kawai a ciki, kuma a sabuwar tukunya na dafa saboda na san addininku. In ba ku so ku faɗa mini, in daina wahala." Jama'a, da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige. Matar nan ta kashe kuɗinta ta sayi tukunya domin ta girmama addinina, ni kuwa na saka mata da kwata.

Yanzu bari mu zo kan hujjar da muke fakewa da ita, wato addini. Mu mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san cewa a mazhabarmu abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ba ya buƙatar yanka. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida a kan haka take magana. Kifi, ƙaguwa, jatan lande, duk sun shiga ciki. To abincin mutanen Kalaba, kaso mai yawa daga ruwa da ganye yake. Naman shanu da awaki kuwa da ake sayarwa a kasuwar Watt da ta Marian, mu tambayi kanmu: su wa suke kawo dabbobin daga Arewa? A hannun su wa matan garin suke sayen mafi yawansa? Sau nawa Mma ta sayi nama a teburin ɗan'uwanka, ta kai gida ta dafa, kai kuma ka ce ba ka yarda da yankan ba?

Na san abin da wani zai ce: ai ana cin kare a garin nan. Gaskiya ne, akwai masu ci, har laƙabi suka yi masa, 404. Akwai masu cin alade, akwai masu shan bammi. Ba na ɓoye wannan, kuma ban ce kowa ya afka kowace bukka ya zauna ba. Amma wuraren da ake sayar da waɗannan abubuwa sanannu ne, masu su ba sa ɓoyewa, kuma da yawa daga 'yan garin su ma ba sa kusantar naman kare. Maganin shakka tambaya. Ka ce, "Mma, wane nama ne a ciki? A ina kika saya?" Za ta faɗa maka, domin ita ma tana son ka dawo gobe. Abin da nake ƙi shi ne mu tsare talaka da tambaya goma, in mun shiga wurin masu kuɗi kuma harshenmu ya mutu. A girkin Turawa da manyan otal-otal ke kwaikwaya, zuba giya a romon nama abu ne da aka saba, haka nan gasa naman alade da na sa a kan ƙarfe ɗaya in ba an ware ba. In tsoron Allah ne ya hana mu tukunyar Mma, me ya sa tsoron bai bi mu cikin otal ba? Ko na'urar sanyaya ɗaki tana tsarkake nama ne? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, raini ne muka sa wa rawani.

Kuma mai karatu, me muke rainawa? Bari in gaya maka abin da na yi shekaru ina zubarwa. Abin da ke cikin kular nan sunansa ekpang nkukwo. Makani ake gurzawa, wasu su haɗa da wata irin doya mai ruwa, a riƙa ɗiban kaɗan-kaɗan ana naɗewa a cikin ɗanyen ganyen makani, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda matanmu ke ƙulla alala amma ƙanana ƙwarai. A shimfiɗa 'yan ƙananan dodon koɗin ruwa da suke kira mfi a gindin tukunya, a jera naɗin a kai, a sa busasshen kifi da kirafish da barkono da manja. Aikin yini ne. Ba a yi wa kowa shi, sai wanda ake ganin girmansa. Akwai edikang ikong, miyar ganyen ugu da wani ganye mai ruwa-ruwa dangin alayyaho, wadda ake cika ta da kifi da nama da ganda har cokali ya tsaya a ciki. Akwai afang, wadda ganyenta mai tauri ne, sai an yanka shi siriri an daka. Akwai abak atama, da ake yi da ruwan kwakwar manja da ganye mai ƙamshi. Miyar masunta kuwa, wadda aka ba mu a ɗan kwano a otal, asalinta ta talakawa ce, abin da masunci ya kamo da safe shi ake dafawa. Je ka kasuwar bakin ruwa ta Esuk Nsidung ka ga kifi da kirafish tuli, sa'an nan ka gane cewa abin da attajirai ke tasowa daga Legas su biya dubbai a kansa yana nan a bayan katangarka.

Wani kuma zai ce shi cikinsa bai saba ba, tuwo da miyar kuka sun ishe shi. Madalla, babu dole a ci. Ni ma har gobe in ban ci tuwo ba ji nake kamar ban ci abinci ba. Amma rashin sabo daban, ƙyama daban. Wanda bai saba ba yakan ce, "Na gode, ban iya ci ba." Mai ƙyama shi ne ke toshe hanci a gaban 'ya'yansa, yaran su tashi suna ganin maƙwabtansu ƙazamai ne. Wanda kuma ya kawo zancen tsabta, ya fara leƙa bayan wasu rumfunanmu na abinci tukuna, mu gyara namu.

Ku dubi yadda su suke yi da namu. Da magariba ta yi, Bogobiri cika take da 'yan gari da baƙi, manya da ƙanana, a layi gaban tukubar masu tsire. Suna sayen kilishi su kai tsaraba, suna shan fura da kunun aya, suna cin masa. Duk wanda ya zo yawon buɗe ido Kalaba, cikin abubuwan da ake nuna masa da alfahari har da tsiren Bogobiri. Sun karɓi abincinmu sun mai da shi na garinsu. Mu kuwa akwai wanda ya shekara talatin a nan, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, bai san ɗanɗanon afang ba, bai iya cewa "sosongo" ba, wato na gode. Wane irin baƙo ne wannan?

Kada a ɗauka ina yaƙi da manyan wuraren cin abinci ne. Suna ba matasa aiki, suna sayen tumatirinmu da albasarmu da namanmu. Sai dai mu tuna cewa ƙyalƙyali ba ya daɗewa. A 2007 aka buɗe Tinapa da gagarumin biki, aka ce nan ne Dubai ta Afirka, amma ba a yi shekara goma ba manyan shagunanta suka koma fayau. Tukunyar Mma da tukubar mai tsire kuwa ba su taɓa hucewa ba. Su ne ainihin abincin garin nan, kuma masu su ne za mu ci gaba da zama da su bayan baƙin Disamba sun hau jirgi.

A nan ne maganar ta wuce ta ciki. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, kuma duk mazaunin Kurmi ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021 ba, inda saɓani a kasuwa ya jawo asarar rayuka da dukiya, har 'yan kasuwarmu suka dakatar da kai abinci Kudu na wasu kwanaki. Kalaba gari ne mai zaman lafiya, muna roƙon Allah Ya dawwamar da shi a haka. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar da hankali ya tashi, Allah Ya kiyaye, manajan otal ba zai buɗe maka ƙofa ya ɓoye 'ya'yanka ba. Wanda zai yi haka shi ne maƙwabcin da kuka ci abinci a kwano ɗaya. Wannan zumunci kuwa tun ana zaune lafiya ake ƙulla shi.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, tambayar da za ka yi a bukka, ka yi ta a otal, da murya ɗaya, ba tare da jin kunya ba. Kuɗinka za ka biya, haƙƙinka ne ka san abin da ke cikin farantinka. Na biyu, in maƙwabci ya aiko da abinci, ka tambayi abin da ke ciki cikin ladabi. In halal ne ka ci, in ba za ka iya ba ka faɗi gaskiya, kada ka zubar. Na uku, matanmu su sayi kayan miya da kansu su roƙi maƙwabtansu su koya musu. Mai ɗakina haka ta yi, yanzu afang ɗinta har Mma takan yaba, ita kuma ta koya wa Mma dambun nama. Na huɗu, matasanmu masu neman sana'a: Musulmi nawa ke zuwa garin nan a Disamba suna son ɗanɗana abincin Efik amma suna shakka? Wa ya fi ku cancantar buɗe musu wuri mai tsabta da za su ci hankali kwance? Ko sai dai kullum mu tsaya a ƙofar baya muna gasa wa wasu tsire, su sa masa suna su ninka kuɗi?

Baƙon nawa dai bai ci ekpang ɗin nan ba, ban kuma matsa masa ba. Ni da yarana muka zauna a gabansa muka cinye, na aiki ƙaramin ya mayar da kula da goro da godiya. Wanda yake ganin na yi kuskure a fahimtar addini, ƙofata a buɗe take, ya zo da hujja in saurara, amma ya taho da amsar tambayata: me ya halatta farantin otal ya haramta tukunyar maƙwabciya?

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya ciyar da mu halal, Ya raba mu da girman kai. Wassalam.

Naku, ɗan'uwanku mazaunin Kalaba.