Rigar Ruwan da ke Jiƙa Mai Ita

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya fara dawo da martabarsa a idon mutanen da a da suke ganin hawansa faɗuwar girma ce. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da akawun ofis duk sun shiga lissafin abin da keke zai rage musu na kuɗin mota. A gari irin Jos, wanda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, lissafin yana tafiya daidai har zuwa Yuli da Agusta, lokacin da marka ke sauka, gari ya waye da sanyi da hazo. A nan ne sabon mahayi ke nufar kasuwa neman rigar ruwa, kuma a nan ne sau da yawa ake yi masa sakiyar da ba ruwa.

Tambayarsa ga mai kaya ɗaya ce: ruwa yana shiga? Mai kaya ya rantse ko ɗigo ba ya shiga, kuma gaskiya ya faɗa. Matsalar tana cikin tambayar kanta. Rigar da ta toshe wa ruwan sama hanya gaba ɗaya ta toshe wa gumi ita ma, alhali mai tuƙa keke ya fi shan wahalar ruwan da ke fitowa daga jikinsa a kan wanda ke sauko masa daga sama.

Dalilin yana cikin yadda jiki ke aiki. Daga ƙarfin da mutum ke ƙonawa yana taka feda, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai ke juya taya. Ragowar zafi yake zama, kuma da gumi jiki ke fitar da shi. Mai hawan tudu da himma yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya cikin awa guda. Idan aka kulle wannan gumi cikin rigar leda, singileti da taguwa za su jiƙe sharkaf. Daga nan sai gangara ta zo, ko a tsaya a mahaɗar hanya, iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska har kusan ninki 25. Mutum ya biya kuɗi don kada ya jiƙe, ya isa ofis a jiƙe yana rawar ɗari. An gudu ba a tsira ba.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce. Tun a 1823 Charles Macintosh, wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Sikotilan, ya yi rajistar yadin da aka sa wa roba a tsakani don hana ruwa, kuma tun a lokacin masu sawa suke kukan wari da zufa. A 1969 Bob Gore na Amurka ya gano hanyar miƙar da wani nau'in roba har ta zama fata mai ƙananan ramuka, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin gumi yana iya fita. Daga nan aka samu Gore-Tex da ire-irensa, aka kuma samu kalmar da ake talla da ita a yau, wato yadi mai numfashi.

Fasahar gaskiya ce. Abin zargi shi ne yadda ake sayar da ita kamar ta kashe matsalar. A jikin irin waɗannan riguna akan ga lambobi biyu. Ta farko, misali 10,000, tana nufin tsayin ruwa a ma'aunin milimita da yadin zai iya ɗauka kafin ya fara yoyo. Ta biyu tana nufin giram nawa na tururi ke ratsa murabba'in mita ɗaya cikin awa 24. Idan ita ma 10,000 ce, a raba ta gida 24: kimanin giram 420 ke nan a awa, kuma a ɗakin gwaji aka samu wannan adadi. A kan hanya, tururi yana fita ne gwargwadon yadda cikin rigar ya fi waje ɗumi da laima. Rigunan sun fi aiki a sanyin Turai da kan tsaunuka. A safiyar Agusta a Jos, inda sanyin matsakaici ne kuma iska cike take da laima, bambancin ciki da waje kaɗan ne, don haka numfashin yadin ya ragu ƙwarai. Wanda ya zuba albashin wata a kan lambar da aka auna don wata ƙasa, suna ya saya.

Tarko na biyu yana cikin dilar gwanjo. Yawancin jaket masu kauri da ake baje wa a Katako ko Ƙofar Wambai an ɗinka su ne don mai tsayuwa a tashar bas cikin dusar ƙanƙara. A kan keke minti goma sun isa su mayar da mutum tamkar wanda ya shiga tanderu. Ga kuma abin da ido ba ya gani: ana shafa wa bayan yadi wani sinadari da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, kuma wanki da datti suna cinye shi. Idan ya ƙare, bayan rigar ya sha ruwa, tururi ya rasa mafita. Gwajin ba shi da wuya. A ɗiga ruwa a kafaɗa. In ya dunƙule, da sauran rai, in ya baje ya yi duhu, a ajiye. A juya cikin rigar a dubi ɗinki: in babu siririn tef da aka manna a kansa, ko ya fara ɓarewa, ta ramin allura ruwa zai shiga.

Abin da mai keke ke bukata ya fi wannan sauƙi da araha. Riga marar nauyi, marar ɗumama a ciki, wadda za a iya naɗewa a cusa a jaka idan ruwa ya ɗauke. Zif a hamata ko tsaga mai murfi a baya, domin iskar da ke shiga ta fita ta fi kowace fata mai ramuka kwashe gumi. Baya ya fi gaba tsawo, hannuwa su kai wuyan hannu ko da an sunkuya kan kan keke. Kada ta yi faɗin da iska za ta cika ta kamar tanti, ko ƙasanta ya kusanci sarƙa. Ɗumi kuwa daga rigar ciki ake nemansa, kuma auduga ba ta dace ba, don tana riƙe ruwa. Yadin roba mai saurin bushewa ko ulu marar kauri ya fi. Hular rigar, in ba ta juyawa tare da kai, tana rufe wa mahayi ganin motar da ke zuwa ta gefe.

Sai launi, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi alhali shi ne ya shafi rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Baƙar jaket tana da kwarjini a madubi, amma direban da gilashinsa ya yi hazo cikin ruwan magariba ba ya ganinta. Da rana, rawaya ko ruwan lemo mai ƙyalli ke aiki. Da dare, sai kyalle mai mayar da hasken fitila, musamman in an ƙara shi a idon sawu, inda motsin feda ke sanar da direba cewa mutum ne a gabansa.

Akwai masu cewa duk wannan tsirfa ce, ai kakanni sun yi ta hawan Raleigh da buhun leda a ka, mutanen Holan kuma suna zuwa aiki da tufafinsu na kullum. Suna da gaskiya a tafiyar minti goma, a hankali, a shimfiɗaɗɗen gari irin Amsterdam mai hanyoyin keke na musamman. Wanda zai yi kilomita goma yana hawa da sauka, yana goga kafaɗa da tirela, halinsa daban ne. Idan irin wannan mahayi ya yi mako biyu yana isa aiki a jiƙe, jingine keken yake yi ya koma biyan kuɗin mota, ya ɗora wa damina laifin da na riga ne.

Don haka ya kamata tambayar da ake yi a kasuwa ta sauya. Kafin a ce ruwa yana shiga, a fara da cewa: ta ina gumi zai fita, kuma direba zai hango ta daga nesa?