Ado a taga, zufa a ɗaki

1/ Yau kam sai na faɗa, mai jin haushi ya sha ruwan sanyi. Ku zaga Na'ibawa, ku bi titin Zariya ku kalli sabbin gidaje. Kowace taga an zagaye ta da ado, har da fentin ruwan gwal, amma ko tafin hannu na inuwa babu.

2/ Jama'a, Kano muke fa. A watan Afrilu zafi na kaiwa digiri 40. Rana ta doki gilashi, ɗaki ya koma tanda, ga wuta babu. Adon nan me ya tsinana maka? Kyan ɗan maciji kawai.

3/ Abin haushin ma, wasu POP suke mannawa a waje don ya fi araha. POP na cikin ɗaki ne, shan ruwa yake. Damina ta jiƙa shi, bazara ta gasa shi, sai tsagewa da ɓarɓashi a kan masu wucewa.

4/ Ga abin da za ka ce wa birkilanka: a zuba wa tagar hula ta kankare da rodi, ta fito waje sosai. A yanka ɗan kwari a ƙarƙashinta, ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Dakalin tagar ya gangaro waje.

5/ Tagar da ke kallon yamma kuwa hula kaɗai ba ta isa, don ranar la'asar a kaikaice take shigowa. Sai an tare gefe.

6/ Je ka Gidan Makama ka gani: bango mai kauri, tagogi ƙanana, indararo na watsa ruwa nesa da gini. Magabata ma sun yi ado, amma sai da suka gama da rana da ruwa tukuna.

7/ Na san wani zai ce "kuɗina ne, gidana ne". To Alhaji, ɗan haya ne zai kwana a ciki yana fifita, shi zai sayi man janareta.

8/ Ƙarfen taga ma, don Allah a bar ko guda ɗaya mai buɗuwa daga ciki. Ranar gobara, Allah ya kiyaye, ita ce ƙofa.

9/ Kafin ka biya, tambayi mai aikin: da ƙarfe uku na rana, ina inuwar za ta faɗa? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Kwalliyar da ba ta biya kuɗin sabulu ba, asara ce.