SHARHI: Ƙwallon ƙafa, ɗan bora a gidan wasannin Ostireliya

A daren 27 ga Yuli, 2023, 'yan kallo kusan 49,000 suka cika filin wasa na birnin Brisbane domin ganin yadda tawagar mata ta Ostireliya, wadda ake yi wa laƙabi da Matildas, za ta yi da Super Falcons ta Najeriya a gasar cin kofin duniya. Masu masaukin baƙi ne suka fara zura ƙwallo, amma Uchenna Kanu ta farke kafin a tafi hutun rabin lokaci, Osinachi Ohale da Asisat Oshoala suka ƙara, aka tashi 3-2. A Najeriya an kwana ana murna. A Ostireliya kuwa fargaba ce ta kama jama'a, domin saura ƙiris a yi waje da tawagarsu a gasar da ƙasarsu ke karɓar baƙunci tare da New Zealand.

Matildas sun farfaɗo. Sun lallasa Kanada da ci 4-0, sun fitar da Denmark, sun doke Faransa a bugun fanareti, sannan suka haɗu da Ingila a wasan kusa da na ƙarshe ranar 16 ga Agusta. Ingila ce ta yi nasara da ci 3-1, amma sama da mutum miliyan 11 suka leƙa wasan a talabijin, a ƙasar da yawan al'ummarta bai wuce miliyan 27 ba. Tun da aka fara ƙidayar masu kallo da tsarin da ake amfani da shi yanzu, a 2001, babu shirin da ya taɓa tara jama'a haka.

Wannan dare shi ne hujjar da masoya ƙwallon ƙafa na ƙasar ke kafawa a duk lokacin da aka tayar da tsohuwar gardamarsu: me ya sa wasan da ya fi kowanne tara masu kallo a dare guda, kuma ya fi kowane wasan ƙungiya yawan masu buga shi, shi ne kuma ya fi talauci?

Suna ɗaya, wasanni uku

Kafin a fahimci gardamar, sai an san cewa a Ostireliya sunan ƙwallon ƙafa kansa ana rigima a kansa. A Melbourne da Adelaide da Perth, idan mutum ya ambaci ƙwallon ƙafa, yana nufin wasan gida ne na gasar AFL, wanda 'yan wasa 18 a kowane ɓangare ke bugawa da hannu da ƙafa a fili mai siffar ƙwai. A Sydney da Brisbane kuwa, zari-ruga ta gasar NRL ce ke amsa sunan. Wasan da sauran duniya ta sani da ƙwallon ƙafa ya daɗe ana kallonsa a matsayin wasan baƙi, domin 'yan ci-rani daga Girka da Italiya da Kuroshiya ne suka raya shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hanyar ƙungiyoyi irin su South Melbourne da Marconi da Sydney United. Daga South Melbourne ne Ange Postecoglou, haifaffen Athens, ya taso, shi ne kuma ya ciyo wa Ostireliya kofin Asiya a 2015, ya ciyo wa Tottenham kofin Europa a 2025.

Idan lokacin zafi ya zo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai kurket ya karɓe filayen. An raba shekara ke nan tsakanin manya, shi kuwa ɗan bora sai ya nemi inda zai raɓa.

Inda kuɗin suke

Alƙaluman cinikin haƙƙin nuna wasanni a talabijin sun isa su bayyana wane ne ɗan mowa. A 2022, hukumar AFL ta ƙulla yarjejeniyar dalar Ostireliya biliyan 4.5 da tashoshin Seven da Foxtel, daga 2025 zuwa 2031. A farkon 2023, hukumar kurket ta samu tata ta kimanin biliyan 1.5 na shekara bakwai. Gasar ƙwallon ƙafa ta A-League kuwa, yarjejeniyar da ta sanya wa hannu a 2021 da Paramount da Network 10 ta kimanin miliyan 200 ce, na shekara biyar.

Wannan giɓi yana sauka har kan yara. A wasan AFL kuɗi daga sama suke gangarowa: abin da aka samu daga talabijin ake tallafa wa shirye-shiryen yara da shi, har kuɗin rajista ya yi sauƙi. A ƙwallon ƙafa kuwa daga ƙasa suke hawa, iyaye ne ke ciyar da tsarin. A ƙungiyoyin matasa na babban mataki, kuɗin rajistar yaro ɗaya kan kai dala 2,000 a shekara. Abin takaicin shi ne yaran da suka fi ƙaunar wasan su ne waɗanda iyayensu suka fi ƙarancin hali. Awer Mabil, wanda ya ci bugun fanareti a wasan da Ostireliya ta fitar da Peru ta samu gurbin gasar Qatar, a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma da ke Kenya aka haife shi, iyayensa 'yan Sudan ta Kudu. Garang Kuol, wanda yana ɗan shekara 18 ya kusa farke wa Ostireliya a wasan da Ajantina ta fitar da ita da ci 2-1 a 2022, shi ma daga wannan al'umma ya fito. Tambayar da magoya baya ke yi ita ce: nawa ne irinsu da kuɗin rajista ya kora tun kafin wani ya ga ƙafarsu?

Gwamnati ma ba ta tsira daga zargi ba. Kwanaki kaɗan bayan wasan Ingila, Firaminista Anthony Albanese ya sanar da dala miliyan 200 domin inganta wasannin mata, amma an shimfiɗa kuɗin ne a kan dukkan wasanni, ba a ware wa ƙwallon ƙafa kaso na musamman ba. A ɗaya gefen, gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin miliyan 240 ga aikin sabon fili a Hobart, filin da AFL ta gindaya a matsayin sharaɗin bai wa jihar Tasmania ƙungiya. A Disambar 2024 kuma aka sanar da miliyan 600 na shekara goma domin kafa ƙungiyar zari-ruga a Papua New Guinea, matakin da ke da alaƙa da gasar neman tasiri da ake yi da China a yankin tekun Pasifik.

Laifin da ke cikin gida

Sai dai masu bin AFL da kurket suna da amsa mai nauyi, kuma adalci ne a saurare ta. Hujjarsu ita ce kasuwa ba ta biyan kuɗi saboda dare guda, abin da take saye shi ne jama'ar da ke dawowa kowane mako. Gasar AFL na tara 'yan kallo sama da miliyan takwas a kaka ɗaya, ƙungiyoyinta na da mambobi masu biyan kuɗi sama da miliyan 1.3, wasan ƙarshe kuma na cika filin MCG na Melbourne mai ɗaukar mutum 100,000. Matsakaicin 'yan kallon wasan A-League na maza bai kai 10,000 ba a kakannin baya-bayan nan, na mata kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Mutane da yawa da suka sayi rigar Sam Kerr ba su taɓa shiga filin gasar cikin gida ba. Wasu kuma sun gwammace su tashi cikin dare su kalli gasar Firimiya ta Ingila, halin da mai bin ƙwallo a Kano ko Kaduna ba zai yi mamakinsa ba.

Shugabannin wasan su ma sun sha harbin ƙafarsu. A Disambar 2022, makonni kaɗan bayan bajintar da tawagar maza ta nuna a Qatar, hukumar da ke gudanar da A-League ta sayar wa gwamnatin jihar New South Wales damar shirya wasan ƙarshe a Sydney na shekara uku, alhali a al'ada ƙungiyar da ta fi ƙwazo ce ke karɓar baƙunci. Magoya baya suka fusata. Ranar 17 ga watan, a wasan hamayya na Melbourne, wasu suka kutsa cikin fili, aka jefi mai tsaron raga Tom Glover da bokitin ƙarfe, aka dakatar da wasan. An soke yarjejeniyar a 2023, amma ɓarna ta riga ta auku. A 2024 hukumar ta sallami ma'aikata da dama, ta kuma zabtare kason da take raba wa ƙungiyoyi. A 2025 aka ƙwace lasisin Western United, wadda ta lashe gasar a 2022, saboda bashi ya yi mata katutu. Har yau babu hawa da sauka tsakanin rukunai a gasar, abin da ke sa wasannin ƙarshen kaka na ƙungiyoyin ƙasan teburi su zama lami.

Kurket: mulki da nauyinsa

Kurket na zaune ne a wani matsayi na daban, domin shi ne wasan da duk jihohin ƙasar suka yarda nasu ne. Ostireliya ta ɗauki kofin duniya na maza sau shida, na ƙarshe ranar 19 ga Nuwamba, 2023, lokacin da Travis Head ya tara maki 137 aka doke Indiya a gidanta, a Ahmedabad. Wasan da ake farawa kowace 26 ga Disamba a Melbourne ya zama tamkar bikin ƙasa. Na 2024 da Indiya ya tara mutum sama da 370,000 a kwana biyar.

Wannan daraja ce ta sa kuskure a kurket ke zama abin kunyar ƙasa baki ɗaya. A Maris ɗin 2018, a Cape Town, kyamara ta kama Cameron Bancroft yana goga wa ƙwallo takardar da kafintoci ke goge katako da ita domin sauya yadda take tafiya. An dakatar da kyaftin Steve Smith da mataimakinsa David Warner na shekara guda, Bancroft na wata tara, har firaministan lokacin, Malcolm Turnbull, ya fito ya yi tir da lamarin.

Ƙalubalen kurket a yau shi ne fuskar tawagar ba ta yi kama da ta titunan Sydney da Melbourne ba, inda 'yan asalin Indiya da Pakistan da Sri Lanka suka cika ƙungiyoyin unguwa. Usman Khawaja, haifaffen Islamabad, shi ne Musulmi na farko da ya buga wa ƙasar, tun 2011. A Disambar 2023 hukumar kurket ta duniya ta hana shi saka takalmi mai ɗauke da saƙon daidaiton rayukan bil'adama, saboda halin da ake ciki a Gaza, ta kuma gargaɗe shi kan ɗaura baƙin ƙyalle a hannu. Ra'ayin magoya baya ya rabu, amma kyaftin Pat Cummins ya tsaya masa.

Hanyar ƙwallon kwando

Ƙwallon kwando ya nuna cewa ɗan bora ma na iya gina ɗakinsa. Gasar NBL ta kusa durƙushewa kafin ɗan kasuwa Larry Kestelman ya karɓe ta a 2015. Maimakon ta yi gogayya da manya, sai ta mayar da kanta matakalar shiga gasar NBA ta Amurka, inda matasa irin su LaMelo Ball da Josh Giddey suka yi kaka guda kafin su tsallaka. Tawagar maza, bayan ta ƙare a matsayi na huɗu har sau huɗu a wasannin Olamfik, ta samu lambar tagulla a Tokyo a 2021, ranar da Patty Mills ya ci maki 42 a kan Sloveniya. A nan ma Najeriya ta bar tambarinta: ranar 29 ga Yuli, 2024, D'Tigress ƙarƙashin Rena Wakama ta doke tawagar mata ta Ostireliya da ci 75-62 a wasannin Paris, duk da cewa daga baya Ostireliya ta tafi gida da tagulla.

Darasin da masu sharhi ke ɗauka daga nan shi ne gasar da ta san girmanta, ta yarda cewa fitattun 'yan wasanta za su tafi waje, tana iya mayar da hakan abin sayarwa. A-League ta fara gwada wannan hanya, kamar yadda cinikin Nestory Irankunda daga Adelaide zuwa Bayern Munich a 2024 ya nuna.

Abin da za a gina kafin 2032

Gardamar ta wuce fatar baki, domin yanzu ake yanke shawarar abin da za a zuba wa siminti. Brisbane ce za ta karɓi wasannin Olamfik na 2032, gwamnatin tarayya da ta jihar Queensland sun ware dala biliyan 7.1 domin filaye. A Maris ɗin 2025 Firimiyan jihar, David Crisafulli, ya sanar da gina sabon fili mai kujeru 63,000 a Victoria Park, ya kuma nemi afuwa saboda kafin zaɓe ya yi alƙawarin ba zai gina sabo ba. Filin mai siffar ƙwai ne, ma'ana bayan an watse AFL da kurket ne za su gaje shi. Masu biyan haraji kuma ba su manta cewa jihar Victoria ta janye daga shirya wasannin Commonwealth na 2026 ba, ta biya diyyar miliyan 380 kan gasar da ba ta gani ba.

Ostireliya ta taɓa nuna cewa ta iya gyara. Bayan ta dawo daga Montreal a 1976 ba tare da zinare ko ɗaya ba, ta kafa cibiyar horar da 'yan wasa ta ƙasa a Canberra a 1981. A Paris ta ci zinare 18, ta zo ta huɗu a duniya. Ƙwallon ƙafa na da damar da bai taɓa samu ba: tawagar maza ta samu gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, karo na shida a jere, an kuma bai wa ƙasar baƙuncin gasar kofin Asiya ta mata ta wannan shekarar. Amma ƙorafin rashin adalci zai yi nauyi a kunnen gwamnati da tashoshin talabijin ne kawai idan wani kaso na miliyan 11 ɗin nan ya fara sayen tikitin wasan mako-mako, kuma hukumar wasan ta rage wa iyaye kuɗin rajista.