Buhun wake ya fi taron jawabi

Duk shekara idan kaka ta yi, abu guda nake gani a kasuwar Ɗan Kassari. Manomi ya kawo wakensa ya sayar da araha, saboda ya san in ya ajiye shi wata biyu ƙwari za su mai da shi gari. Ɗan kasuwa ya saye ya wuce da shi Najeriya. Bazara na yi, wannan manomin ne zai dawo ya sayi wake da tsada. Ni malamin makaranta ne, kuma iyayen ɗalibaina ne waɗannan manoma. Don haka idan na ji wani mai ƙaton wuya yana cewa binciken kimiyya ado ne na ƙasashe masu kuɗi, mu sai mun ƙoshi tukuna, raina ɓaci yake. Yunwar da yake fakewa da ita, rashin binciken na cikin abin da ke kawo ta.

Ga shaida a rumbunmu. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, daga jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, bayan gwaje-gwajen da aka fara a arewacin Kamaru. Dabarar ba ta da wuya: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowane da kyau. Ƙwarin su shanye ƴar iskar da ta rage, su mutu, ba tare da an zuba guba a abinci ba. Masu binciken INRAN a Maraɗi sun gwada shi a ƙasarmu, daga 2007 aka soma yaɗa shi ƙauye-ƙauye, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya riƙa ƙera shi. Jami'a ta yi tunani, masana'anta ta ƙera, ɗan kasuwa ya kai, manomi ya amfana. Da an cire masana'antar daga wannan jerin, da dabarar tana nan kwance a takarda.

Kada wani ya ce sai Bature ke iya wannan. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana, daga 1969. Bai tsaya ga lissafi a allo ba, sai da aka buɗe sashen ƙere-ƙere ana yin na'urar ɗumama ruwa da hasken rana a nan Nijar. Ya rasu a 1991. Yau rana tana nan yadda ya bar ta, tana gasa mu, amma farantan sola da batura da famfunan da ke lambunan Dogon Dutsi daga waje ake shigo da su. Mun riƙe sunansa a ƙofar jami'a, mun saki hanyarsa.

A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Doso, Agadas, Diffa da Tillaberi. Mun yi murna, kuma ta cancanci murna. Sai dai gini da kujeru ba sa yin bincike. Malamin da ke fama da aji cike, ba ɗakin gwaji, ba kuɗin zuwa gona, me zai gano? Ɗalibin da ya rubuta kundinsa a kan lalacewar dankalin turawa, aka ba shi maki, aka jefa kundin a kabad, wa ya amfana? Manomin dankali na Dogon Dutsi bai taɓa jin labarinsa ba, yana nan yana sayen iri daga Turai, yana neman inda zai adana amfaninsa idan zafi ya shigo.

Za a ce ina kuɗin? Kuɗin na wucewa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Tun 2011 matatar SORAZ ke tace mai a Damagaram. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, ya ratsa jiharmu ta Doso. Ƙasashen Afirka sun daɗe da alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa don bincike, kaɗan ne suka ko kusanci hakan. Maƙwabciyarmu Najeriya tun 1993 ta ɗora harajin ilimi a kan ribar kamfanoni, wanda asusun TETFund ya gada a 2011. Akwai ƙorafi kan yadda ake kashe kuɗin, amma duk wanda ya shiga jami'o'in Sakkwato ko Kano zai ga gine-gine da sunan asusun a jikinsu. Me ya hana mu yin namu, mu kuma kauce wa kurakuransu?

Na san abin da wasu malaman jami'a ke tsoro: in ɗan kasuwa ya biya, shi zai juya akalar bincike, ya mai da masani yaronsa. Tsoron yana da tushe. Amma a yau wa ke juya akalar? Mai ba da tallafi daga ƙetare, wanda ke zaɓen matsalar da ta dame shi, ya ba da shekara uku, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Maganin wannan tsoro doka ce: kuɗin ya shiga asusu guda, a bayyana abin da aka karɓa da abin da aka kashe, sakamakon bincike ya zama na jama'a, kuma ƙungiyoyin manoma da na mata masu ƙuli-ƙuli su sami kujera a inda ake zaɓen abin da za a bincika.

Ga hukumomin jihar Doso da shugabannin jami'arta, buƙatata ƙarama ce. Ku zauna da masu noman dankali da ƴan kasuwar wake da maƙera da masu gyaran famfon sola, ku tambaye su abin da ke cinye musu riba. Ku ɗauki matsala uku, ku ba ɗalibai, ku haɗa kowace da mai sana'ar da zai ƙera abin da aka gano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ajina akwai yarinyar da ta tambaye ni dalilin da ya sa ƙwari ke mutuwa a cikin buhun leda. Na yi mata bayanin iska da numfashi, ta ce to me ya hana a yi irinsa don dankali? Ban da amsa. Ina so kafin ta gama makaranta a sami ɗakin gwaji a Doso da za ta je ta nemo amsar da kanta.