Sharhi: Muryar mawaƙa mata ta cika kasuwa, amma wa ke cin ribarta?

A manyan titunan Jos, daga Terminus zuwa Bauchi Road, da wuya mutum ya yi tafiyar minti goma bai ji muryar mace tana tashi daga wata lasifika ba. Wani wurin waƙar fim ce, wani wurin ta amarya, wani wurin begen Annabi (SAW), wani wurin kuma rerawar matan Zumunta ce daga majami'a. Akasarinsu da Hausa ake yin su. Sai dai in aka tambayi mai shagon da ya kunna waƙar sunan wadda ta rera, sau da yawa sunan jarumar da ta hau waƙar a fim zai ambata, ko na mawaƙin da suka yi ta tare.

Wannan giɓi tsakanin murya da suna shi ne babban abin da ke gaban mawaƙa mata na Arewacin Najeriya a yau. Batun ya ƙara fitowa fili tun bayan da aka sanya hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 a watan Maris na 2023, kuma a watan Agustan shekarar Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, ƙarƙashin Minista Hannatu Musawa. Doka ta samu, ma'aikata ma ta samu. Abin da ya rage a gani shi ne ko amfaninsu zai isa ga matan da muryarsu ke ɗauke da wani babban kaso na wannan kasuwa.

Sana'a ce mai asali

Waƙar mata ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma jajis na ƙungiyar 'Yan Taru sun riƙa haddace su suna kai wa matan karkara a matsayin darasi. A fadojin sarakuna akwai zabiyoyi. A cikin gida akwai waƙoƙin daka da na niƙa da na raino, a dandali kuma 'yan mata na da gaɗa. A 1983 kamfanin NNPC na Zariya ya buga waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu a littafin Alƙalami a Hannun Mata, waɗanda suka taɓo tsafta da ilimi da al'amuran ƙasa.

Wanda duk yake son sanin ra'ayin mawaƙiyar Hausa a kan al'umma, cikin waƙarta zai same shi, domin a nan ne ta fi samun damar magana. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce misali mafi bayyana. Da ƙoren amada da 'yan amshinta ta yi ta kiran mata su kama sana'a, ta yi ba'a ga macen da ta zauna tana jiran a ba ta, ta yi waƙar kishi da haihuwa da zaman aure cikin lafazin da mata ke yi a tsakaninsu. Wasu sun zarge ta da sakin baki, amma matan da ke cika gidajen biki domin ta sun ji cewa da yawunsu take magana. Kafin ta, Uwaliya Mai Amada ta yi tashe a Kano a kan wannan turba.

Abin lura shi ne, waɗannan mata da sunansu aka san su, kuma a hannunsu ake zuba musu kuɗin liƙi. Sauyin ya zo ne da fim.

Murya a ɗaki, fuska a allo

Da masana'antar Kannywood ta bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, waƙa ta zama ginshiƙin sayar da fim. Tsarin da aka ɗauka irin na Indiya ne: a rera waƙa a situdiyo da fiyano, sannan jarumi da jaruma su hau ta a gaban kyamara. A nan muryoyin Rabi Mustapha da Maryam A. Baba da Maryam Fantimoti da Zuwaira Isma'il da Murja Baba suka shiga gidajen miliyoyin mutane. Fati Nijar ta taso daga Maraɗi ta zo Kano, ta zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka yi suna da kundin waƙoƙinsu na kansu.

Tsarin ya yi wa mata wata rana. Mace na iya shiga situdiyo da mayafinta, ta yi aikinta, ta koma gida, ba tare da fuskarta ta fita duniya ba, abin da ya sa wasu iyaye da mazaje suka lamunta. Amma yana da tsada. A mafi yawan lokuta namiji ne ke rubuta baitocin, shi ke da kuɗin situdiyo, shi kuma ke sa sunansa a kan waƙar. Mace takan karɓi kuɗin aikinta sau ɗaya a ranar, ko da waƙar za ta shekara goma ana cin kasuwarta. Haka abin yake a waƙoƙin siyasa, inda amshin mata ke ƙawata waƙa a kowace kakar zaɓe, kyautar mota da gida kuma ta tafi ga mai waƙar. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Yanzu da kasuwar faifan CD ta mutu, kuɗin waƙa ya koma YouTube da Audiomack da TikTok da makamantansu. Waɗannan dandamali mai shafi suke biya, kuma sun fi ɗaukaka wanda ake ganin fuskarsa. Mawaƙiyar da ta ɓoye fuskarta ta tsira daga tsegumi, amma ta bar wa wani kuɗin. Wadda ta fito kuwa ta shiga idon jama'a da na hukuma.

Kuɗin ɗaukaka

Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, kuma bayan rikicin da ya girgiza masana'antar a 2007 an tsaurara dokoki, har wasu masu sana'ar suka karkata ayyukansu zuwa Kaduna da Jos. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa ta mawaƙi ClassiQ. Daga baya ta nemi afuwa aka sassauta, amma matan masana'antar sun karanta darasin da kyau.

Masu goyon bayan tacewa na da hujjarsu, wato kare tarbiyya da mutuncin addini a zamanin da waya ke hannun kowane yaro. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma yawancin mawaƙa matan kansu iyaye ne da ba su musanta ta ba. Inda ake jayayya shi ne ma'aunin: laifin da namiji zai yi a manta cikin mako, mace kan ɗauke shi har zuwa ranar neman aurenta. Shi ya sa aure ya zama ƙarshen sana'a ga mawaƙa mata da yawa, alhali ga takwarorinsu maza ba ya canza komai.

Wannan ba matsalar ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Italiya, mace ce, Nilla Pizzi, ta lashe gasar waƙa ta Sanremo ta farko a 1951. Duk da haka, a 1963 gidan talabijin na gwamnati, RAI, ya rufe ƙofarsa ga fitacciyar mawaƙiya Mina saboda wani al'amari na rayuwarta ta sirri, sai da matsin lambar masu sauraro ya dawo da ita. A 1978 ita da kanta ta daina fitowa bainar jama'a, ta ci gaba da fitar da kundin waƙoƙi shekaru da dama, muryarta na yawo fuskarta na ɓoye. Bambancinta da mawaƙiyar Kannywood shi ne sunanta na kan kowane faifai, kuma kamfanin da ke fitar da su na gidansu ne. A 2022 wasu fitattun mawaƙa mata bakwai na ƙasar, ciki har da Laura Pausini da Fiorella Mannoia da Gianna Nannini, sun haɗu a dandali ɗaya a Reggio Emilia domin tara kuɗi ga cibiyoyin taimakon matan da ake cin zarafinsu. Haɗin kai irin wannan sai ga waɗanda suka mallaki sunansu da aljihunsu.

Abin da Jos ke da shi

Jos tana da matsayi na daban a wannan batu. Garin ne ya ba duniya Dakta Adamu Ɗanmaraya, mai kuntigi, wanda ya rasu a watan Yunin 2015. Cikin waƙoƙinsa da aka fi tunawa akwai wadda ya yi a kan auren dole, inda ya bayyana kukan yarinyar da aka yi wa tilas. Waƙar ta yi tasiri, amma ta kuma nuna halin da ake ciki: koken mace ya fi saurin isa kunnen jama'a idan namiji ne ya ɗauko shi. Jos ce kuma ta raini P-Square da M.I Abaga da Ice Prince da Jesse Jagz da Jeremiah Gyang. Jerin ya yi tsawo, mata a cikinsa kuwa ƙalilan ne, irin su Ruby Gyang.

Amma a garin akwai wata babbar makarantar waƙar mata da ba a cika lissafawa da ita ba. Manyan majami'u biyu, ECWA da COCIN, a Jos hedikwatarsu take, kuma ƙungiyoyin Zumuntar Mata na waɗannan majami'u da na Katolika sun shafe shekaru masu yawa suna tsara waƙoƙinsu da Hausa, suna kaɗa tulu da kacau-kacau. Matan Birom da Angas da Afizere da Tarok da sauransu kan haɗu a kan Hausa domin ita ce harshen da kowa ke ji. Waƙoƙinsu ba su tsaya ga ibada ba, suna taɓo shaye-shayen matasa da zaman aure da tarbiyyar 'ya'ya da neman zaman lafiya. A unguwannin Musulmi kuwa, ɗalibai mata na makarantun Islamiyya da sha'irai mata na rera nasu a bukukuwan saukar karatu da na Mauludi, kuma darussan da ke ciki ba su yi nisa da na waɗancan ba.

Ga garin da ya ga tarzoma a Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010, har unguwanni suka rabu bisa addini, wannan ba ƙaramin jari ba ne. Matan ɓangarorin biyu da harshe ɗaya suke waƙa, kuma su ne suka fi ɗanɗana zawarci da maraicin da rikicin ya bari. Abin da babu shi ne dandalin da zai riƙa haɗa su a kai a kai.

Cibiyoyin da za su iya wannan aiki suna cikin garin. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, NFC, wadda aka kafa a 1979, a Jos take da mazauni, tare da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa. Akwai Kwalejin Talabijin ta NTA, akwai sashen wasan kwaikwayo da fim na Jami'ar Jos, ga kuma gidan rediyo da talabijin na jihar, PRTVC. Idan waɗannan wurare suka ware gurabe domin horar da mata a kan haɗa sauti da kiɗa da sarrafa shafukan intanet, za a taɓa tushen matsalar, domin wanda ke zaune a gaban na'ura shi ke yanke shawarar sunan da za a rubuta.

Doka da aiki da ita

Dokar 2022 ta tanadi abubuwan da suka shafi waɗannan mata kai tsaye. Ta amince da haƙƙin wanda ya rera ko ya gabatar da aiki, ban da na wanda ya rubuta shi. Ta ce mallaka wa wani haƙƙin aiki ba ya tabbata sai a rubuce. Ta buɗe hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, ta kuma sanya kula da fasahohin gargajiya a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC.

Sai dai masana'antar waƙar Hausa a kan amana da maganar baka take tafiya. Yarinyar da ta nemi a rubuta yarjejeniya kafin ta shiga ɗakin ɗaukar murya na iya rasa aikin, a kira wata. Saboda haka dokar ba za ta yi aiki da ƙoƙarin mutum ɗaya ba. Ana buƙatar NCC da ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi su fassara tanade-tanaden zuwa Hausa, su kai su situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos. Ana buƙatar ƙungiyoyin mawaƙa su fitar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da kowa zai yi amfani da ita, su kuma wajabta rubuta sunan duk wadda ta rera a jikin waƙa. Gidajen rediyo na iya farawa tun yau, ta hanyar ambaton sunan mawaƙiya duk lokacin da aka sa waƙarta.

Akwai kuma aikin gaggawa na adanawa. Yawancin waƙoƙin amada da na Zumuntar Mata na shekarun 1970 da 1980 a kaset suke, kaset kuwa yana lalacewa, kuma tsofaffin da suka san wadda ta tsara kowace waƙa suna ƙarewa. Ma'ajiyar da ke Jos ita ce wurin da ya dace a tattara su, da sunayen masu su.

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Matan Arewa sun daɗe suna faɗin ra'ayinsu a kan aure da sana'a da addini da zaman tare, kuma jama'a na saurare. Ma'aunin nasarar sabuwar doka da sabuwar ma'aikata a wannan fage shi ne ranar da mai shago a Terminus zai iya faɗin sunan wadda ke rerawa a lasifikarsa, ita kuma ta ga kasonta ya shigo asusunta.