TAFIYA MABUƊIN ILIMI: Garin da Ake Dafa Dutse

   A fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin labarin tafiyar da na yi ƙasar Sin a shekarar 2024. To, alkawari kaya ne, yau ga ni na zo saukewa.

Na san da an ce Sin, ko Chana kamar yadda muke faɗa, abin da ke faɗo muku a rai shi ne Gwanzu, inda alhazanmu da hajiyoyinmu ke zuwa saro kaya. Mu ma can muka fara sauka, ni da Yayana da matarsa, masu harkar kayan kicin. Amma ba zan ɓata muku lokaci a kan Gwanzu ba. Gari ne mai mutum sama da miliyan 18, ki ɗauki Kantin Kwari a jajiberin sallah ki yi ta ninkawa, kin gan shi. Labarina na wani ƙaramin gari ne da muka je bayan sun gama lodin kayansu. A rubuce sunansa Jingdezhen, a baki kuwa kamar ki ce Jindajan. Yana lardin Jiangxi, kuma jirgin ƙasa mai gudun tsiya muka hau, muka bi ta birnin Nanchang kafin mu isa.

Kada ki ji na ce ƙaramin gari ki ɗauka ƙauye ne. A ƙidayar 2020 mutanensa, har da na karkarar da ke kewaye, sun kai miliyan 1.6. Amma su a wurinsu wannan ɗan gari ne. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun wurin. Yawancin baburansu na lantarki ne, sai dai ki ga mutum ya wuce ki fuuu, ba ƙara ba hayaƙi. Duwatsu masu koren itatuwa sun kewaye garin, ga wani kogi mai suna Chang ya ratsa ta tsakiya. Da yamma tsofaffin mata su fito fili su kunna ɗan kiɗa suna motsa jiki a jere, ba ruwansu da kowa. Mu kuwa kallo muka sha. A Gwanzu baƙar fata ba abin kallo ba ce, amma a nan yara har leƙe suke yi ta bayan iyayensu. Wata tsohuwa ta taɓa lallen hannuna tana ta magana, ni ban ji ba, ita ba ta ji ba, muka ƙare da dariya.

Wajen abinci sai an kula, domin mutanen lardin nan akwai cin barkono, kuma naman alade da kitsensa suna shiga girkinsu sosai. Abin da ya cece mu shi ne shagon taliyar Lanzhou, irin wadda Musulmin ƙasar ke ja da hannu a gabanki, a zuba mata romon naman sa. Da wuya ki shiga gari a Sin ki rasa irin shagon. Sai ki nemi masu farar hula da mata masu ɗaurin kallabi, kin zo gida. Ciniki kuwa kusan duk da waya ake biya, kuma WhatsApp da Facebook ba sa buɗuwa a kan layin ƙasar. Kwana huɗu na yi ba ƙarar saƙo, wallahi har barcina ya fi daɗi.

To me ya kai mu? Tangaran. Wannan gari shi ne uwar tangaran a duniya. Hatta turakun fitilun wasu tituna da tangaran mai fari da shuɗi aka lulluɓe su, kuma a tsofaffin lunguna za ki ga katanga an gina ta da fasassun kwanuka. Sama da shekara dubu ke nan suna wannan sana'a. Sunan garin ma daga nan ya samo asali: a shekarar 1004 wani sarkin daular Song ya ba shi sunan zamanin mulkinsa, wato Jingde. A kusa da garin akwai wani ƙauye mai suna Gaoling inda ake haƙo farar ƙasa, kuma daga sunan ƙauyen ne duniya ta samo kalmar kawolin da 'yan ajin kimiyya ke karantawa. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna saye da tsada ba su san sirrin ba. Sai wajen 1709 aka gano yadda ake yi a Jamus, sannan a 1712 wani limamin Kirista ɗan Faransa da ke zaune a garin ya rubuta wa mutanensu doguwar wasiƙa yana bayyana musu yadda ake aikin dalla-dalla.

Mu Hausawa muna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni dai a matsayin karin magana na san shi, sai a Jindajan na ga ana yi da gaske. Wani irin dutse suke fasawa, a daka shi ya zama gari, a wanke, a tace, a haɗa da farar ƙasar nan a kwaɓa. A wasu ƙauyukan gefen gari har yanzu za ki ga irin taɓaren da ruwan rafi ke ɗagawa yana saki, yana daka dutsen dare da rana. Daga nan magini ya ɗora curin yumɓun a kan faifai mai juyawa, kafin ki ƙifta ido kwano ya tashi a tsakanin yatsunsa. Wani ya karɓa ya shanya, wani ya kankare shi da wuƙa har ya yi siriri, wata ta yi zane, wani ya tsoma shi a ruwan ƙyalli, sannan a jera a tanderu. Zafin wutar yakan kai digiri 1,300. Ki tuna fa ruwan da ke ƙona mu a kicin a digiri 100 yake tafasa. Wani masani mai suna Song Yingxing ya lissafa a littafinsa na 1637 cewa kwano ɗaya sai ya bi ta hannu sau 72 kafin ya kammala. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wani ɗan shago na zauna kusa da wata yarinya mai zane. Ba za ta wuce shekara 22 ba, sa'ar ƙanwata. Da waya muke hira, in yi magana ta fassara mata, ita ma haka. Jiyejiye take ce mini, wato Yaya da harshensu. Na ga tana zana furanni da wani ruwa baƙi-baƙi kamar ruwan toka, ba kyan gani ko kaɗan. Na ce, "Ƙanwata, ina shuɗin?" Ta yi murmushi ta ɗauko wanda aka riga aka gasa ta ajiye kusa da na hannunta. Ikon Allah! Zane ɗaya ne, amma wancan ya fito shuɗi shar kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata. Ta ce sinadarin sunansa kobal, kuma ba ya nuna launinsa sai ya shiga wuta. Wato mai zane ba ta ganin kyan aikinta a lokacin da take yi, sai bayan kwanaki. Shi wannan kobal ɗin a da can daga ƙasar Farisa fatake ke kawo shi, kuma a zamanin wani sarki mai suna Zhengde, daga 1506 zuwa 1521, an yi tangaran da yawa masu rubutun Larabci.

Na tambaye ta yaya ta koya. Ta ce shekararta ta farko ba a ba ta kwano mai kyau ta taɓa ba, layi kawai take ja a kan fasassu har hannunta ya daina rawa. Yanzu ita ke biyan hayar ɗakinta, tana kuma aika wa mahaifiyarta a ƙauye. Na ce, "To aure fa?" Ta rufe baki tana dariya, ta ce akwai wanda ke zuwa, amma shi ma magini ne, in an yi sai su haɗa shago.

Washegari muka je gidan tarihi na tanderun sarki, wanda aka gina da jan bulo a siffar tanderun gargajiya. A zamanin daular Ming, wadda ta hau mulki a 1368, an keɓe wannan wuri don yi wa fada kaya. Duk abin da ya fito da ɗan aibi, ko ɗigo ne, ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Fasa shi ake yi a binne, don kada talaka ya ci abinci a kwanon sarki. Daga shekarun 1980 masu binciken tarihi suka yi ta tono tarkacen suna liƙawa, su ne ake nunawa yanzu. Waɗanda suka tsira kuwa, ki ji kuɗinsu. A 2014 an yi gwanjon wani ɗan kofi a Hong Kong, faɗinsa wajen santimita 8 ne kacal, an zana zakara da kaza da 'yan tsaki a jikinsa. A wannan garin aka yi shi, zamanin sarki Chenghua, tsakanin 1465 da 1487. Wani attajirin Shanghai mai suna Liu Yiqian ya saye shi a kan dalar Amurka wajen miliyan 36, ya kuma zuba shayi ya sha a ciki. Matar Yayana ta dafe ƙirji ta ce, "Tirƙashi! In ni ce ko numfashi ba na yi kusa da shi."

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai ba na kofin ba ne. A da gwamnati ce ke da manyan masana'antun tangaran na garin. A shekarun 1990 suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka wayi gari ba albashi. Injina suka yi tsatsa, gine-gine suka zama kufai. Abin da bai rufe ba shi ne abin da ke hannun mutanen. Mai zane ta koma zane a tsakar gidanta, magini ya kafa faifansa a lungu, aka ci gaba da rayuwa da ƙananan shaguna. Yau samari da 'yammata daga ko'ina cikin ƙasar ke kwararowa koyo a wurinsu, ga jami'a guda ta ilimin tangaran a garin. Ɗaya daga cikin tsofaffin masana'antun an gyara ta a 2016 ta koma kasuwa mai suna Taoxichuan. Da dare muka je, ɗalibai sun baje kolin kofuna da 'yan kunne da awarwaron tangaran, kuma da yawa daga masu teburan mata ne, kowace tana sayar da aikin hannunta.

Nan ne tunanina ya dawo gida. Wasiƙu nawa nake samu a wannan fili daga 'yammatan da aka ɗaga bikinsu saboda kayan ɗaki ba su cika ba? Uba nawa ya sayar da gona, uwa nawa ta shiga adashi uku, don kada 'yan ganin jere su yi gulma? Jiya kwalla da samira ne, yau dina-set ne a shogilas, gobe wani abin za a fito da shi. A jera faranti dozin biyar, amarya ta tsufa ba ta ci tuwo a ko ɗaya ba. Ban ce kada a yi wa yarinya kaya ba, gata ne, kuma kowace mace tana son ɗakinta ya yi kyau. Amma ƙanwata, tangaran fashewa yake yi. Yaro ya ja labule ya zubar, gobara ta ci, ko rana ta ɓaci a kwashe a kai wa dillaliya a rabin kuɗi. Abin da ba ya fashewa shi ne wanda aka zuba a kanki da hannunki. In miji ya rasu, ko kasuwarsa ta karye, ko zama ya ƙi, Allah Ya kiyaye, ba shogilas ne zai sayo wa yara awo ba.

Don haka ke da ke aji uku ko aji shida, ki riƙe karatunki da kyau. In an yi hutu kada ki ƙare shi a kallon waya da jiran zance. Ki je wajen mai ɗinki, ko mai saƙa, ko mai lalle, ko mai girkin biki, ki zauna ki jure shekarar jan layi. A farko aikin zai yi miki kama da ruwan toka, kada ki karaya, shuɗin yana nan tafe. Ku kuma iyayenmu mata, a cikin kuɗin faranti dozin biyar, a rage biyu a sayi keken ɗinki.

Kafin in rufe, ga tsarabar da yarinyar nan ta ba ni don masu shirin sayayya. Ba duk farantin da ya fito daga Sin ne ɗan Jindajan ba, akwai garuruwa irin Chaozhou da ke yin na yau da kullum da yawa. In za ki saya, ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce: mai kyau yakan yi ƙara siririya mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ki ji ƙwas. Ki ɗaga shi saitin haske, siriri mai kyau za ki ga inuwar yatsunki ta baya. Ki shafa zanen: in sumul yake a ƙarƙashin ƙyalli, ya fi aminci ga abinci. In kuwa kin ji tudun fenti a cikin farantin, musamman mai araha da ke kankaruwa, to bar shi a ado, kada a zuba masa abu mai zafi ko mai tsami, domin wani fentin yana da dalma.

Nan zan dasa aya. Ina jiran wasiƙunku, musamman wadda ta fara koyon wata sana'a, ta rubuto ta gaya mana yadda take ciki don 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya ba masu karatu sa'a, Ya ba 'yammata mazaje nagari, Ya rufa wa iyayenmu asiri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.