ZAUREN 'YAN MATA: Turanci Ba Dodo Ba Ne



Wasiƙun da na samu a wannan wata kusan kukansu ɗaya ne: an ci sauran darussa, Ingilishi ya ƙi. Kun san kuwa in babu kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO, jami'a sai dai hange daga nesa. Wata daga nan za a ce mata a gida, tunda karatun ya ƙi, to ta fito da miji.

Haba 'yar uwa! Ke da kike cinye littafin soyayya na ɗaya har na uku a dare guda, ki ce karatu ya gagare ki? Ki ba Turanci rabin wannan lokacin mana. Ki je wurin masu sayar da tsofaffin littattafai ki nemi jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, Turancinsu mai sauƙi ne, ga soyayya ga rikici. Fara da The Undesirable Element na Mohammed Sule, wanda ya fito a 1977. In hannunki ya faɗa, sai ki ɗauki The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984.

Amma don Allah kar ki riƙa buɗe ƙamus a kan kowace kalma, wallahi kafin shafi biyu kin gaji. Ja mata layi da fensir ki wuce, labarin da kansa zai nuna miki ma'anar da yawansu. Waɗanda suka ƙi, ki duba su a Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, ki rubuta uku kacal a rana, kowace cikin jimla.

Kuma ki riƙa karantawa da ƙarfi, don kunnenki ya ji bakinki. Mu Hausawa "p" da "f" ne ke kunyata mu, sai "pan" ya koma "fan". Wajen "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe da iska, wajen "f" kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Gwada a gaban madubi. Sai kuma ɗauko Hausa a sa mata rigar Bature: mu shan magani muke yi, su kuwa "take medicine" suke cewa. Haka "ara mini" ba "borrow me" ba ne, "lend me" ne. Masu duba jarrabawa ba sa yafe irin wannan.

Mai waya ta nemi shirin 6 Minute English na BBC, ta saurara sau biyu, a na uku ta riƙa bin su da baki.

Na san ƙawaye za su ce kina iyayi, har a sa miki suna Baturiya. Ƙyale su. Samu guda ɗaya mai irin ra'ayinki, ku yi alkawarin daga ƙofar makaranta zuwa gida babu Hausa, wadda ta karya ta sayi gyaɗa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.